Wa Ya Kamata Ya Biya Kuɗin Hayaƙin Jiragen Sama?

A ranar 5 ga Nuwamban 2022, ana gobe za a buɗe babban taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar, ɗaruruwan 'yan rajin kare muhalli, da yawansu sanye da fararen kaya, suka kutsa ɓangaren da ake ajiye jiragen attajirai a filin jirgin sama na Schiphol, kusa da birnin Amsterdam na ƙasar Holan. Wasu suka zauna dirshan a gaban tayoyin jiragen, wasu ma suka ɗaure kansu da sarƙa, wasu kuma suka hau kekuna suna ta kewaya filin, jami'an tsaro na bin su da gudu a ƙasa. Ƙungiyoyin Greenpeace da Extinction Rebellion ne suka shirya abin. An kama ɗaruruwansu, amma jiragen fasinja na gama-gari sun ci gaba da tashi da sauka a nasu ɓangaren, babu wanda tafiyarsa ta tsaya sai mai jirgin ƙashin kansa. Bayan watanni biyar hukumar filin ta fito ta ce tana da niyyar hana irin waɗannan jirage amfani da wurin, ta kuma daina barin jirage su tashi a tsakiyar dare.

A cikin duk zanga-zangar da aka yi a Turai kan hayaƙin jiragen sama a shekarun nan, wannan ce a ganina ta taɓa inda ciwon yake. Masu wannan fafutuka suna da gaskiya a kan asalin magana, kuma mu mutanen yankin Sahel mun fi kowa dalilin mara musu baya. Sai dai gaskiyar tasu tana yin nauyi ne idan suka nufi 'yan tsirarun da suka mai da hawa jirgi kamar zuwa kasuwa, suka kuma nemi a ɗaure su da doka da haraji. Tana yin rauni a duk lokacin da suka koma kan talakan fasinja, ko suka dogara da cewa kunya za ta hana mutane tafiya.

Na san yadda ake karɓar irin wannan labari a wajenmu. Sai ka ji ana cewa ƙoshi ne ke damun 'ya'yan Turawa, sun rasa abin yi ne shi ya sa suke manna hannuwansu a kan kwalta. Kafin a yanke wannan hukunci ya kamata a dubi lissafin. Jiragen sama na fitar da kimanin kashi 2.5 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke watsawa sama a kowace shekara, kuma kamfanonin jirage na son a riƙa ambaton wannan adadi saboda ƙanƙantarsa a kunne. Amma wannan ɗan kaso ya kai kusan tan biliyan 1 a shekara, wanda da jiragen sama ƙasa ce guda da ta shiga sahun ƙasashe goma da suka fi gurɓata iska a duniya. Kowane kilo ɗaya na man jirgi da aka ƙona yana haifar da fiye da kilo 3 na iskar kabon, domin sinadarin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar sarari a lokacin ƙonewa, nauyinsa ya ƙaru. Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Wannan farin zaren da jirgi ke ja a bayansa, wanda yara ke nunawa da yatsa idan gari ya yi wasai, tururi ne da ke daskarewa ya zama ƙanƙara saboda tsananin sanyin da ke can sama, sannan ya bazu ya zama siririn gajimare mai tare zafin ƙasa ya hana shi fita, musamman da daddare. Wani babban nazari da Farfesa David Lee na jami'ar Manchester Metropolitan ya jagoranta, wanda ya fito a 2021, ya nuna cewa idan aka haɗa wannan da sauran abubuwan da injin jirgi ke fitarwa, kason jiragen sama a ɗumamar da ɗan Adam ya haddasa ya kai kusan kashi 3.5 cikin ɗari. Nazarin ya kuma gano cewa kusan rabin dukkan iskar kabon da jirage suka fitar tun daga 1940 an fitar da ita ne a cikin shekaru 20 na ƙarshe kafin 2018.

Abin da ya sa maganar ta zama ta adalci shi ne yawan mutanen da ke da hannu a ciki. Kowa na cin abinci, kowa na buƙatar wuta da ruwa da sufurin ƙasa, don haka hayaƙin noma da na lantarki nauyi ne da ya bazu a kan jama'a masu yawa. Jirgin sama ba haka yake ba. Masu bincike Stefan Gössling da Andreas Humpe sun yi lissafi a 2020 suka gano cewa a shekarar 2018 kashi 11 cikin ɗari na mutanen duniya ne kaɗai suka hau jirgi, kuma waɗanda suka tsallaka iyakar ƙasa da shi ba su wuce kashi 4 ba. Abin da ya fi tayar da hankali a binciken shi ne kashi 1 cikin ɗari na al'ummar duniya, wato masu yawan tashi, su ne suka jawo rabin hayaƙin jiragen fasinja gaba ɗaya. Ko a Birtaniya, inda tikiti ke da araha, ƙididdiga ta daɗe tana nuna cewa kashi 15 cikin ɗari na jama'a ne ke yin kusan kashi 70 na tafiye-tafiyen jirgi. Fasinja ɗaya da ya je Niyok daga Landan ya dawo, a kujerar talakawa ma, ya fitar da kusan tan 1 na iskar kabon, alhali kason ɗan Nijar ɗaya a shekara guda bai wuce kashi ɗaya cikin goma na tan ba. Hutun mako ɗaya na wancan ya cinye abin da wannan zai fitar a kusan shekara goma.

Su kuwa waɗanda ba su taɓa taka matakalar jirgi ba, su ne ke kwana da sakamakon. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan 1.3 da muhallinsu, kuma masanan ƙungiyar World Weather Attribution sun ce sauyin yanayi ya ninka yiwuwar irin wannan mamakon ruwa kusan sau 80. A 2024 ruwa ya kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, a watan Satumba kuma madatsar Alau ta ɓalle ta shanye babban sashe na Maiduguri. Sakacin hukumominmu yana da nasa kaso a waɗannan masifu, kuma ba wanda zai ce jirgin sama ne kaɗai ya jawo su. Amma a cikin dukkan hanyoyin da ake ɗumama duniya, da wuya a sami wadda amfaninta ya taƙaita ga mutane kaɗan haka, cutarta kuma ta game kowa.

Akwai wani gata da wannan sana'a ke morewa wanda mutane da yawa ba su sani ba. Tun daga yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ta kafa hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, da ɗaruruwan yarjejeniyoyin da ƙasashe suka ƙulla bibbiyu a bayanta, man da jirgi ke sha a tafiyar ƙasa da ƙasa kusan ba a ɗora masa haraji. Ma'aikacin da ke tuƙa tsohuwar motarsa zuwa wurin aiki a ƙauyen Faransa yana biyan haraji mai nauyi a kan kowace lita, jirgin da ya tashi daga Faris zuwa Dubai kuwa ba ya biyan irin wannan haraji a kan tan-tan na man da ya sha. Shi ya sa lokacin da masu rigunan rawaya suka cika titunan Faransa a ƙarshen 2018 saboda ƙarin harajin man mota, cikin abubuwan da suka nema har da a saka haraji a kan man jirgi. Yarjejeniyar Kyoto ta 1997 ta miƙa batun hayaƙin jiragen ƙasa da ƙasa ga ICAO, yarjejeniyar Faris ta 2015 kuma ba ta ambaci jiragen sama da suna ba. An bar masu sana'ar su yi wa kansu alƙalanci, shi kuwa gwano ba ya jin warin jikinsa.

A kan wannan ne fafutukar ta taso, kuma salon da ya fi yin suna a cikinta daga Suwidin ya fito a wajajen 2018, lokacin da wasu fitattun mutane suka riƙa shelar cewa sun daina hawa jirgi, aka fara maganar kunyar hawa jirgi a jaridu da kafafen sada zumunta. Wata mata mai suna Maja Rosén ta kafa gangamin neman mutane su yi alkawarin shekara guda ba su tashi sama ba. A watan Agustan 2019 Greta Thunberg, 'yar rajin kare muhalli ta Suwidin, tana da shekara 16, ta ƙi hawa jirgi zuwa taron Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shiga wani ƙaramin jirgin ruwan tsere mai tafiya da iska daga Plymouth ta Ingila, ta yi kusan mako biyu a teku ba banɗaki ba wurin wanka kafin ta isa Niyok. Masu suka sun yi ta nuna cewa wasu ma'aikatan jirgin ruwan sai da suka hau jirgin sama domin su je su dawo da shi, kuma hakan gaskiya ne, amma bai rage tasirin abin da ta yi ba. A shekarar ne kamfanin Swedavia mai kula da manyan filayen jiragen ƙasar ya ba da rahoton cewa fasinjoji sun ragu da kashi 4 cikin ɗari, na cikin gida kuma da kashi 9.

Ina girmama duk wanda ya hana kansa wani jin daɗi saboda ya yi imani yana cutar da wasu. Amma abin da ya biyo baya ya nuna iyakar wannan hanya. Annobar korona ta ajiye jiragen duniya a ƙasa a 2020, wasu suka zaci an juya baya ke nan, sai ga shi a 2024 yawan fasinjojin duniya ya zarce na kafin annobar. A Suwidin ɗin kanta, harajin tikitin da aka kafa a 2018 gwamnatin da ta zo daga baya ta soke shi daga watan Yulin 2025. Kunya tana kama mai kunya ne kawai. Malamin makarantar da ya fasa zuwa hutu ya shiga jirgin ƙasa ya yi nasa, amma attajirin da ke tashi sau uku a mako bai ma san ana yi ba. Wani nazarin da Gössling da abokan aikinsa suka fitar a 2024 ya nuna cewa hayaƙin jiragen ƙashin kai ya ƙaru da kashi 46 cikin ɗari tsakanin 2019 da 2023, wato a daidai shekarun da ake ta wa'azin kunyar, kuma kusan rabin tafiye-tafiyen waɗannan jirage ba su kai kilomita 500 ba.

Salo na biyu shi ne tare hanyar jirage, kuma a nan ne nake rabuwa da wasu daga cikin 'yan fafutukar. Da asubahin 25 ga Yulin 2024 'yan ƙungiyar Letzte Generation ta Jamus suka yanke wayar shingen filin jirgin Frankfurt, suka shiga suka manna tafukan hannuwansu da gam a kan kwaltar da jirage ke bi, aka dakatar da tashi da sauka, aka soke tafiyar jirage fiye da ɗari. Kafin nan sun yi irinsa a Barlin da Hamburg da Düsseldorf, kamar yadda mutum 13 na ƙungiyar Plane Stupid suka yi a Heathrow a 2015. Ba na shakkar niyyarsu, domin wanda ya yarda ya tafi kurkuku saboda abin da ya yi imani da shi ba wasa yake yi ba. Amma su wane ne suka kwana a kan bencin filin jirgi a ranar? A cikinsu akwai ma'aikacin da ya tara kuɗi shekara biyu domin ya je ya ga mahaifiyarsa a Gana ko Turkiyya, akwai ɗalibi, akwai mai zuwa jana'iza. Shugabannin kamfanonin jirage da ministocin da suka ƙi saka haraji ba su rasa barcinsu ba. An bar jaki ana dukan taiki, kuma ribar da aka samu ita ce muhawara ta koma kan tsaron filayen jirgi da tsananta hukuncin masu kutse, aka manta da hayaƙin da ya kawo maganar.

Idan aka duba inda aka ci nasara ta haƙiƙa, za a ga aiki ne mai cin lokaci, wanda ya haɗa manoma da lauyoyi da mazauna unguwanni. Tun shekarun 1960 gwamnatin Faransa ke shirin gina sabon filin jirgi a Notre-Dame-des-Landes kusa da birnin Nantes, a kan gonaki da fadamu masu faɗin hekta kusan 1,600. Manoman wurin suka ƙi tashi, daga baya matasa suka zo suka kafa bukkoki suka zauna tare da su suna noma da kiwo, da aka turo jami'an tsaro a 2012 su kore su kuma manoma suka kewaye wurin da taraktoci. Ko da yake a ƙuri'ar jin ra'ayin da aka yi a yankin a 2016 kashi 55 cikin ɗari sun goyi bayan filin, abin da bai kamata masu fafutukar su riƙa ɓoyewa ba, a watan Janairun 2018 gwamnatin Emmanuel Macron ta haƙura da aikin gaba ɗaya. A Birtaniya, ƙungiyoyin Friends of the Earth da Plan B sun kai ƙara kan shirin gina titin jirgi na uku a Heathrow, kuma a watan Fabrairun 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta ce shirin ya saɓa doka saboda gwamnati ba ta yi la'akari da yarjejeniyar Faris ba. Kotun ƙoli ta soke wannan hukunci a Disambar shekarar, gwamnati kuma ta sake bayyana goyon bayanta ga aikin a farkon 2025, amma shekarun da aka jinkirta shi shekaru ne da dubban jirage ba su ƙaru a sama ba. A Holan, wata kotu a Amsterdam ta yanke hukunci a watan Maris na 2024 cewa 15 daga cikin kalamai 19 da kamfanin KLM ya yi amfani da su a tallansa na kare muhalli yaudarar masu saye ne.

Dokar Faransa ta hana gajerun tafiye-tafiye ta nuna abu biyu a lokaci ɗaya, cewa doka na iya yiwuwa, da kuma yadda ake zare mata laka kafin ta fito. Taron 'yan ƙasa 150 da aka zaɓo ta hanyar ƙuri'ar sa'a ya ba da shawara a 2020 cewa a hana jirgin sama duk inda jirgin ƙasa zai kai mutum cikin sa'o'i 4. Gwamnati ta rage shi zuwa sa'o'i biyu da rabi, kuma da dokar ta fara aiki a watan Mayun 2023 hanyoyi uku kacal ta shafa, daga filin Orly na Faris zuwa Nantes da Lyon da Bordeaux. Haka ma gwamnatin Holan ta yi shelar rage yawan jiragen Schiphol a 2022, ta dakatar da shirin a ƙarshen 2023 bayan matsin lamba daga Amurka da Tarayyar Turai.

Kamfanonin jirage suna da amsarsu, wato a ba su lokaci fasaha za ta warware komai. Ƙungiyarsu ta duniya, IATA, ta yi alkawari a 2021 cewa nan da 2050 za su daina ƙara wa duniya iskar kabon, ICAO ma ta amince da wannan buri a 2022. Gaskiya ne jiragen zamani sun fi na da tattalin mai nesa ba kusa ba, sai dai yawan fasinjoji na ƙaruwa da saurin da ya wuce na wannan tattali. Man da suke kira mai ɗorewa, wanda akasari ake yi da tsohon man suya da kitsen dabbobi, a 2024 bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari na man da jirage suka sha ba, kuma ya ninka na gargajiya tsada sau biyu ko fiye. Tsarin CORSIA da ICAO ta amince da shi a 2016 bai tilasta rage hayaƙi ba, ya dai ce kamfani ya sayi takardar shaidar cewa an rage hayaƙi a wani wuri, kamar ta hanyar kare daji, kuma tun daga 2024 a kan abin da ya haura kashi 85 cikin ɗari na ma'aunin 2019 kawai. Dazuzzukan da ake nunawa a irin wannan ciniki galibi a ƙasashe matalauta suke, inda manomi da makiyayi ne za a ce su janye domin wani ya ci gaba da tashi da kwanciyar hankali. Tusa ba ta hura wuta.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi da ɗan Afirka zai iya yi wa wannan fafutuka, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Nahiyar da ke da kusan kashi 18 cikin ɗari na mutanen duniya ba ta da fiye da kimanin kashi 2 na zirga-zirgar jiragen sama. Matsalarmu ƙarancin jirage ce da tsadar tikiti, har ta kai wani lokaci mai zuwa wata ƙasar Afirka sai ya bi ta Turai ko Gabas ta Tsakiya. An kuma taɓa ganin yadda kishin muhalli marar lissafi ke cutar da mu. A 2007 manyan kantunan Birtaniya suka fara liƙa hoton jirgi a jikin furanni da koren wake da ake kawowa daga Kenya domin masu saye su guje su, abin da ya yi barazana ga abincin dubban ƙananan manoma, alhali wani nazari na jami'ar Cranfield ya nuna cewa furen Kenya, duk da jirgin da ya ɗauko shi, bai kai wanda ake nomawa a ɗakunan gilashi masu ɗumama na Holan fitar da hayaƙi ba. Kiran a zauna a ƙasa ma yana da ma'ana ne a wurin da ke da jirgin ƙasa mai gudu da hanya mai aminci. Wanda ya san abin da ya faru da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a daren 28 ga Maris na 2022, da halin da hanyar mota ta shiga a shekarun garkuwa da mutane, ba zai zargi wanda ya ciyo bashi ya sayi tikitin Abuja zuwa Kano ba.

Sai kuma aikin Hajji, wanda shi ne tafiyar jirgi ta farko kuma ta ƙarshe ga dubban mutanenmu. Kakanninmu sun bi ta Chadi da Sudan a ƙafa da bisa jakuna da raƙuma, tafiyar da kan ci shekaru, wasu suka rasu a hanya, wasu suka zauna zuriyarsu na can har yau. Jirgi ne ya mai da wannan tafiya ta sa'o'i kaɗan, kuma babu mai hankalin da zai ce wa dattijon da ya sayar da amfanin gonarsa na shekaru domin ya sauke farali ya ji kunya. Amma zafin da ake magana a kansa ya riga ya isa Makka, domin a Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a harabar masallacin Harami, hukumomin Saudiyya kuma suka tabbatar da rasuwar mutum 1,301. Maniyyacin da ya hau jirgi sau ɗaya a rayuwarsa yana cikin waɗanda ake cuta, ba ya cikin masu cutar.

Duk waɗannan ƙorafe-ƙorafe suna samun amsa a cikin shawara ɗaya da wasu 'yan fafutukar Birtaniya suka daɗe suna turawa, wato harajin masu yawan tashi. Tafiyar farko a shekara ba za a ɗora mata komai ba, ta biyu a ɗora kaɗan, daga nan kuɗin ya riƙa hawa da kowace tafiya, a kuma ƙara nauyi a kan kujerun alfarma da jiragen ƙashin kai, tunda kujera ɗaya a sashen manya tana cin gurbin kujeru uku ko huɗu. Da wannan tsari alhaji da ɗalibi da ɗan ci-rani mai zuwa gida sau ɗaya sun tsira, wanda ya ɗebo da zafi kuma bakinsa. Karɓar kuɗi a kan tikiti domin amfanin duniya ba sabon abu ba ne. Tun 2006 Faransa, a zamanin Shugaba Jacques Chirac, ta saka ɗan haraji a kan tikitin jirgi domin tallafa wa asusun Unitaid mai samar da magungunan ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, kuma Nijar da Kamaru da Mali na cikin ƙasashen da suka bi sahu. A tsakiyar 2025, a taron da aka yi a birnin Seville na Sifaniya, ƙasashe takwas da suka haɗa da Faransa da Kenya da Barbados da Sifaniya da Benin da Saliyo da Somaliya suka ƙulla ƙawancen saka haraji a kan kujerun alfarma da jiragen ƙashin kai.

Inda nake so 'yan fafutukar Turai su ƙara ɗaga murya shi ne makomar kuɗin. Idan Faransa ko Jamus ta karɓi harajin ta zuba shi a baitulmalinta, an rage hayaƙi kaɗan amma ba a biya wanda aka ɓata wa ba. Asusun biyan diyyar asarar sauyin yanayi da aka amince da shi a Sharm el-Sheikh a 2022, alkawuran farko da aka yi masa a taron sauyin yanayi na Dubai na 2023 kimanin dala miliyan 700 ne kawai, adadin da bai isa ya gyara ɓarnar damina ɗaya a Najeriya kaɗai ba. Wani yankakken kaso na harajin masu yawan tashi ya kamata ya tafi can kai tsaye, a matsayin haƙƙi, yadda ba sai an jira alherin wata gwamnati ba.

Mu ma muna da namu kashi ɗaya cikin ɗarin, kuma ba za mu nemi a caji na Turai mu rufe ido a kan na gida ba. Najeriya ta je taron Dubai da sunaye 1,411 a rajista, gwamnati ta ce mutum 422 ta ɗauki nauyinsu, a taron da aka kira domin rage hayaƙi. Duk wanda ya taɓa wucewa ta filin jirgin Abuja a ranar ɗaurin auren ɗan wani babba ya ga yadda jiragen ƙashin kai ke jeruwa, kuma hukumar kwastam ta yi ta kiran masu su a 2021 da 2024 su kawo takardu domin a tantance waɗanda ba su ma biya kuɗin fiton shigo da jiragen ba. Sa hannu a kan takardar ƙawance a wani taron ƙasa da ƙasa abu ne mai sauƙi. Abin da za mu nema a wurin 'yan majalisarmu shi ne doka rubutacciya da ta ƙayyade abin da kowane jirgin ƙashin kai zai biya idan ya tashi daga Abuja ko Legas ko Kano ko Yamai, wadda ta keɓe kuɗin ga gyaran madatsun ruwa da magudanai da tsugunar da waɗanda ambaliya ta kora, ta kuma wajabta a riƙa buga lissafin abin da aka tara da inda aka kashe shi a kowace shekara.